Inda Hayaƙin Zai Kwanta

Mu biyar ne a gidanmu. Kafin in ce komai a kan Injiniya, bari in jera muku mu yadda nake jera ɗalibai ranar farko, don kada wani ya ɓace muku a hanya.

Akwai Baba, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran agogo a wani ɗan shago ƙarƙashin bene har idonsa ya gaji. Yanzu a falo yake wuni da tabarau mai kauri, yana sauraren rediyo, yana gyara wa mai karanta labarai magana. Akwai Umma, wadda ban taɓa ganin ta zauna ta jingina bayanta da kujera ba. Akwai Yaya, ma'aikaciyar jinya, da ta dawo gida shekara huɗu da suka wuce bayan rasuwar mijinta, da akwati biyu da yarinya ɗaya. Yarinyar ita ce Kurciya, shekararta tara. Ba shi ne ainihin sunanta ba. Baba ne ya laƙaba mata, domin in asma ta taso mata, ƙirjinta yakan yi wani kuka siriri irin na kurciya a kan katanga. Sai ni, auta, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, shekara ashirin da tara, ban yi aure ba.

Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba. Abu biyu muka rasa. Na farko, namiji mai ƙarfi da zai tsaya a bakin ƙofa in magana ta taso, tun da idon Baba ya yi rauni. Na biyu, numfashin Kurciya da za a iya dogara da shi. Saboda wannan numfashin muka bar tsakiyar gari muka hau tudu, don likita ya ce a nema mata iska mai kyau. Daga inda mota take tsayawa zuwa ƙofarmu matakala ɗari da sittin ne. Umma takan ce duk wanda ya hawo su ya zo gaishe mu, to da gaske yake.

Injiniya ya hawo su sau ba adadi. Wata rana ma ya hawo su a guje da Kurciya a kafaɗarsa, lokacin da ciwon ya kama ta a bakin titi, abin shaƙarta kuma yana sama a kan firji. Farar rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya zube a ƙasan falo yana haki, Baba ya ce yau dai kurciyoyi biyu ne a gidan. Tun daga ranar Umma ta daina ce masa baƙo, ta koma ce masa ɗana. An tsayar da ranar aurenmu. Saura mako bakwai.

Ina son sa. Na faɗa muku tun yanzu, don kada nan gaba ku ce na ɓoye. Mutum ne mai magana a hankali, mai tsaftar farce, ba ya katse mutum. Shi kaɗai ne namijin da ya taɓa tambayata a kan me na yi digirina na biyu, ya kuma tsaya ya ji amsar har ƙarshe. A kan hayaƙi na yi shi: yadda ake lissafa tsayin da zai kai da inda zai bazu. Sauran masu zuwa wurina dariya suke yi, su ce ashe har hayaƙi ana karantawa. Shi bai yi dariya ba. Cewa ya yi Allah ne ya haɗa mu, domin shi kuma bututun hayaƙi yake ginawa.

Bututun ana hango shi daga tagar kicin ɗinmu. Can ƙasa a cikin kwari aka kafa wata sabuwar masana'anta da za ta riƙa narka tsofaffin batura tana fitar da dalma. Bututun fari ne da jan zobe biyu a wuyansa. Kurciya kan tsaya a kan kujera ta nuna wa ƙawarta ta maƙwabta, ta ce na Kawunta ne, wato Injiniya.

Ranar Lahadi da hantsi saƙonsa ya shigo ina guga.

"Malamata, ina da 'yar jinga. Shafi shida kacal. Ki duba, ki sa hannu a ƙasa. Hukuma tana son sa hannun wanda ba ma'aikacinmu ba, mai takarda a fannin. Wa ya fi ki? Alhamis za a kai."

Na mayar masa da cewa malamai ba sa sa hannu sai sun yi maki. Ya turo fuskar dariya, ya ce ya yarda, amma a tausaya wa ɗalibi da jan biro. Da yamma direban ofishinsu ya kawo ambulan.

Yanzu ku yi haƙuri da ni in yi muku ɗan darasi. Sana'a ce, ba a iya barinta a ƙofa. In kun riƙe wannan, sauran labarin ba zai ba ku wuya ba.

Hayaƙi yana tashi ne domin ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi, abu mai zafi kuwa bai cika nauyi ba. Amma ba ya tashi a miƙe kamar sanda. Yana murɗawa, yana birgima, kuma duk murɗawar da ya yi sai ya jawo iskar gefensa ya haɗiye. Shi ya sa kuke ganinsa siriri a bakin bututu, yana hawa yana faɗi. Kowace loma ta iska mai sanyi da ya haɗiya tana rage masa zafi. Ba mai iya bin kowace murɗa da alƙalami, sai masana suka yi dabara, suka ce saurin haɗiyarsa wani kaso ne na saurin hawansa. Kason nan lamba ɗaya ce tak, ni ina kiranta lambar haɗiya. In babba ce, hayaƙin mai haɗama ne, zai huce da wuri ya tsaya kusa. In ƙarama ce, zai yi nisa sama.

Lambar kuma iri biyu ce. Abin da aka tunkuɗo da ƙarfi, kamar ruwan tiyo in an matse bakinsa, haɗiyarsa kaɗan ce. Abin da zafinsa kawai ke ɗaga shi, haɗiyarsa ta fi yawa. Hayaƙin bututu yakan fito kamar na farko, amma kafin ya yi nisa ya koma na biyu. Darasi ya ƙare. Na gode da haƙurinku.

Ranar Litinin na buɗe ambulan a ɗakin malamai lokacin hutun tara. Fanka tana juyawa tana ƙara, malamar tarihi tana yanke farce a kusa da ni, wata kuma tana sayar da mayafai daga cikin jaka. Rubutun tsaf yake, kamar mai shi. A shafi na biyu akwai taswirar kwarin da tudunmu, da layukan da ke nuna tsayin kowane wuri. Bututu mita talatin. Ƙololuwar tudu mita ɗari. Layinmu, da na bi da yatsa har na same shi, yana kan tamanin. A shafi na shida an kammala da cewa hayaƙin zai kai mita ɗari da talatin kafin ya bazu, wato zai wuce ta saman kowa ya yi gaba.

A shafi na huɗu na tsaya. Lambar haɗiyar da ya sa 0.05 ce, ta ruwan tiyo. Wadda ta dace da irin wannan hayaƙi tana wajen 0.08.

Na ce a raina, ai wannan kowa yana iya yi. Lambobin biyu a jere suke a littafi, ido na iya zamewa. Har na ɗan ji daɗi, Allah ya yafe mini, don na sami abin tsokanarsa. Na juya shafi na biyar ina murmushi, inda ya jera awon zafin iska da suka yi a ƙasan kwari da kan tudu. Kwana goma sha huɗu suka yi suna awo. Na bi layin lokaci da biro. Ƙarfe biyu na rana. Biyu da rabi. Uku saura kwata. Biyu. Babu awo ko ɗaya da aka yi kafin azahar.

Murmushin ya tafi.

Ga dalili. Da rana ƙasa tana da zafi, iska tana gauraya kamar ana juya ta da cokali, hayaƙi yana samun hanya. Da asuba a cikin kwari ba haka abin yake ba. Iska mai sanyi takan gangaro ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin da ya riga ya huce, in ya iso murfin nan, ba ya iya huda shi. Sai ya tsaya, ya bazu gefe da gefe har ya sami abin da zai jingina da shi. Masana'antar kuwa, shafi na ɗaya ya faɗa, ba za ta kashe wuta ba dare da rana.

Na yi lissafin a bayan takardar jarrabawar wata ɗaliba. Na sake yi a allo bayan an tashi, ni kaɗai a aji, alli yana karyewa a hannuna. Ba ni da awon asuba, don haka na sa irin wanda aka saba samu a kwari. Sau uku ina yi, amsar tana yawo tsakanin saba'in da biyar da tamanin da biyar.

Na aika masa: "Me ya sa duk awonku na rana ne?"

Ya amsa nan take: "Motar ofis ba ta samuwa sai bayan ɗaya, Malamata. Manaja ke yawo da ita da safe. An kama ni?"

Na rubuta amsa na goge sau huɗu. A ƙarshe na ce masa ya zo gobe bayan la'asar, ina da abin da zan nuna masa. Ya ce ko ba abin nunawa ai zai zo.

Amsarsa ta kwantar mini da hankali, ku ji fa. Na ce kuskure ne irin na mutanen ofis: mota ce ta zaɓa musu lokaci, su kuma ba su lura ba. Amma ina koya wa ɗalibaina kada su gina amsa a kan zato, don haka na aro ma'aunin zafi daga ɗakin gwaji na makaranta.

Washegari da aka idar da sallar asuba na zura doguwar riga mai kauri a kan kayan barci, na yafa mayafi, na ce wa Umma zan miƙe ƙafa. Na gangara matakala, na bi 'yar hanyar ƙafa har kusa da katangar masana'anta. A can sanyi yana cizon yatsu. Na rubuta awo. Na juyo ina hawa, ina tsayawa ina rubutawa. Duk hawan da na yi, jan layin cikin gilashin yana ƙara hawa tare da ni. Da na iso ƙofarmu ya ƙaru da maki huɗu. Murfin yana nan, kuma ya fi wanda na zata ƙarfi.

Ina tsaye da takarda a hannu na ji wani gurnani daga ƙasa. Ashe ranar suke gwajin tanderu. Hayaƙi ya fito daga bakin bututun, fari-fari da ɗan ruwan toka, ya miƙe kyakkyawa kamar an ja shi da zare. Na bi shi da ido yana hawa yana faɗi. Ya zo daidai idona, ya ɗan wuce, ya yi kamar mai tunani, sannan ya dawo ƙasa kaɗan ya kwanta. Ba iska ko kaɗan. Ya fara shimfiɗuwa a hankali, lebur, kamar ana baza zanin gado a kan kwarin, gefensa ɗaya yana matsowa wajenmu.

Minti ashirin suka yi suka kashe. Bai iso mu sosai ba, bakinsa kawai ya taɓa layinmu. Na ji wani ɗanɗano a bayan harshena kamar na tsotsi tsohon makulli. Karen maƙwabta ya yi atishawa. Daga cikin gida, ta tagar ɗakin Yaya, na ji kukan kurciya.

Ba mai tsanani ba ne. Shaƙa biyu ya lafa. Yaya ta ce sanyin safiya ne, ta hana Kurciya zuwa makaranta, ita kuma ta shirya za ta tafi aiki. Na bi ta ɗaki tana ɗaura agogo, na gaya mata komai a gajarce. Ta saurare ni ta madubi. Ta ce ita ba ta san lissafi ba, amma ta san mutumin da ya ɗauko 'yarta a kafaɗa ya hau matakala ɗari da sittin, kuma irin wannan mutumin ba zai sa mata guba a iska ba. Na ce ai ban ce da gangan ya yi ba. Ta ce to in ba da gangan ba ne, mene ne na tayar da hankalin gida saura mako bakwai? Duk da haka, da na roƙe ta robar ƙarin ruwa da babban sirinji, ta buɗe jaka ta ba ni ba ta tambayi dalili ba.

Umma a kicin ta tare ni. Bangon gidanmu ba ya riƙe magana. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba, ta ce ita shekararta talatin da takwas da aure, kuma abin da ta koya shi ne namiji yana karɓar gyara in an rufe ƙofa, amma ba ya karɓa a takarda. Ta ce mutum nawa suka hawo matakalan nan suka koma don na fi su baki a lissafi? Ta ce idon Baba kullum ƙara rufewa yake, burinsa ya ga wannan rana da sauran ganinsa.

"Ki sa masa hannu, Auta," in ji ta. "In kin shiga ɗakinki kya gyara masa a hankali. Hayaƙi dai ai sama yake tafiya."

Na ɗauki gishiri, kusan rabin leda, ta bi ni da kallo.

Na yanke shawarar ba zan gaya masa ya yi kuskure ba. Zan bari ya gani da idonsa, ya faɗa da bakinsa, ya zama shi ya gano. Haka nake yi wa ɗaliba mai jin kunya, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Gani ya kori ji.

A barandar bayan kicin muna da tsohon akwatin gilashi na kiwon kifi, wanda kifayensa suka daɗe da mutuwa. Da na dawo daga makaranta na wanke shi. Na zuba ruwa mai gishiri sosai a ƙasa, na bi shi da mai gishiri kaɗan, sannan mai ɗan ɗanɗano kawai, ina tsiyayawa ta bayan cokali don kada su gauraya. Ruwa mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kamar iskar kwari da asuba. Na manna bakin robar a gindin akwatin yana kallon sama, na cika sirinji da ruwan famfo da na rina da jar tawada. A jikin gilashin na zana tudunmu da maka, alƙalamin nan na rubutu a farin allo, na ja layukan tsayi.

Kurciya tana zaune a kan tabarma cikin rigar sanyi mai hula, abin shaƙarta a rataye a wuya. Ta ce tudun nawa bai yi kama da tudu ba, ya fi kama da guga a kife. Ta karɓi makar ta gyara. Ta tambaye ni ina layinmu, na nuna mata. Ta zana gidanmu da taga uku, ta zana na ƙawarta a gefe da karensu, ta zana makarantarsu da tuta, da shagon mai burodi, da gidan tsohuwar da ke ba su alewa. Duk a kan layi ɗaya, domin a kan layi ɗaya suke.

Ya iso bayan la'asar cikin riga ruwan sararin sama da na taɓa cewa tana yi masa kyau. Na ji shi yana gaida Baba, yana tambayar ido, Baba yana ce masa ido ya yi ritaya ya bar kunne da aiki. Sannan ya leƙo baranda, ƙamshin turarensa ya riga shi. Ya ba Kurciya cakulan, ya dubi akwatin, ya ce ashe yau ajin gwaji aka kira shi, da ya sani da ya zo da littafi.

Na ba shi kujera. Na bayyana masa abin da ke cikin akwatin kamar ban san ya sani ba. Na miƙa masa sirinjin na ce shi zai danna, a hankali.

Ya danna. Jan ruwan ya fito siriri, ya miƙe sama, ya fara murɗawa yana faɗi. Ana ganin yadda yake jawo ruwan gishirin gefensa yana haɗiyewa, jansa yana dusashewa. Ya wuce rabin akwatin. Ya ɗan haura zanen gidajen, ya tsaya, ya sauko kaɗan. Sannan ya bazu lebur, ya tafi gefe a hankali har ya taɓa gilashin, daidai tagogi ukun da Kurciya ta zana. Ruwan da ke samansa garau, ko ɗigon ja babu.

Ina kallon fuskarsa ina jiran abin da na saba gani a fuskar ɗaliba: girar da ke ɗagawa, bakin da ke ɗan buɗewa. Ban gani ba. Ya ci gaba da dannawa a natse har sirinjin ya ƙare, ya ajiye shi a kan tabarma, ya goge yatsunsa da hankici.

"Tamanin kika samu?" ya tambaya.

Ban gaya masa lamba ba. Ban gaya wa kowa ba, ko Yaya.

"Ni tamanin da biyu na samu," ya ce. "Hannunki yana da kyau, Malamata."

Na tambaye shi yaushe. Ya ce tun kafin a zuba harsashin bututun. Ya yi bayani da muryar nan tasa mai taushi, ba ya sauri. Ya ce ya kai wa masu masana'antar lissafin gaskiya, ya gaya musu sai an ninka tsayin bututun ko a sa matattarar hayaƙi, suka ce ba za su yi ba, in ba zai iya kawo lambar da za ta wuce ba akwai injiniyoyi goma a bakin ƙofa. Ya ce da ya tafi, da wani ya zo ya yi abin da ya fi wannan muni. Ya ce yana ciki ne don ya riƙa matsa musu, shekara ɗaya ko biyu za a gyara. Maganar mota kuwa, ya ce gaskiya ce, sai dai bai nemi a canja ba.

Na ce, a cikin shekara ɗaya ko biyun nan, wa zai shaƙa? Na nuna masa yarinyar da ido.

Ya yi murmushi kamar wanda aka zo wurin da yake jira. Ya zaro waya, ya buɗe hotuna, ya miƙo mini. Gida ne mai farin fenti da bishiya a tsakar gida, ɗaki huɗu, ba matakala ko ɗaya.

"A bayan tudu yake, can ɗaya gefen. Iskar wurin ba ta haɗuwa da ta kwari, na auna da kaina, da asuba. Ɗakin Baba da Umma, ɗakin Yaya da Kurciya, namu. Na so sai bayan biki in nuna miki. Kin ɗauka zan bar ta a nan?"

Kurciya ta matso tana leƙen hoton. Ta dubi bishiyar, ta dubi akwatin. Ta sa yatsa a kan gidan da ta zana da kare.

"Kawu, su ma za su koma?"

Ya shafa hularta, ya ce kowa da gidansu, 'yar Kawu. Ta bar yatsan a wurin.

Na mayar masa da wayar. Na shiga ɗaki na ɗauko ambulan, na ɗora masa a cinya. Na ce ba zan sa hannu ba. Na ce in yana so, zan zauna da shi mu rubuta na gaskiya, in sa hannu a kowane shafi, in raka shi duk ofishin da zai kai.

Bai yi fushi ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe ambulan, ya zaro shafi na shida, ya ajiye a kan murfin akwatin, ya danne da sirinjin don kada iska ta ɗauka.

"Akwai wani malami a jami'a da zai sa hannu ko bai karanta ba," ya ce. "Ranar Alhamis takarda za ta tafi, da sunanki ko da nasa. Wuta za ta kama farkon wata. Abin da ya rage a hannunki ɗaya ne, Malama: inda yarinyar nan za ta kwana. Ni dai matata da danginta na nema wa gida. Matar da ta tsaya tare da ni."

Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya shiga falo. Na ji yana ce wa Baba yana da albishir, ya so ya ɓoye amma ya kasa. Na ji shiru, ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu. Na ji Baba yana tambaya da gaske babu matakala, sannan muryar Umma ta tashi tana sa masa albarka, tana kuka, tana kiran sunana in zo in gani.

Ban tashi ba. Jan ruwan yana nan kwance a inda ya tsaya, yana ƙara kauri a jikin gilashin. Kurciya ta zare yatsanta, ta juyo ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba. Na shekara shida ina koyarwa, na san fuskar yaron da darasi ya shige shi.

Ta gane hayaƙin zai zo layinmu. Ta gane Kawu ya sani tun kafin ya ɗauke ta a kafaɗa. Ta kuma gane cewa ko tana nan ranar da zai zo ko ba ta nan, daga hannuna ne.